Ƙofar da Ba a Biya: Kwana Tara a Landan

Tun a Kano na ware kuɗin. Da ƙanena ya aiko da takardar gayyata in zo Landan in ga iyalinsa, na zauna da biro da takarda na yi lissafi irin wanda na saba yi wa albashi: biza fam 115, kuɗin jirgi, tsaraba, sai wani layi a ƙasa da na rubuta "shiga gidajen tarihi", na sa masa fam ɗari. A lokacin, wato ƙarshen Oktoban 2024, fam ɗaya ta haura naira dubu biyu, don haka wannan layin kaɗai ya ci sama da dubu ɗari biyu. Ban ji ciwonsu ba. Shekara goma sha bakwai ina koyar da tarihi a sakandare, ina yi wa yara bayanin tagullar Benin da hoton da ya sha kwafi har fuskokin suka zama baƙin dunƙule. Na ƙudura a raina ko nawa ne zan biya in gan su da idona.

Daren da na sauka, bayan mun ci tuwo, na fito da takardar ina nuna wa ƙanena. 'Yarsa mai shekara tara ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta, ta ce da Hausarta mai ɗanɗanon Turanci, "Baffa, ai ba a biya."

Na ce, "Ku yara ne ba kwa biya."

Ubanta ya ce, "A'a Yaya, har kai. Manyan gidajen tarihi na gwamnati duk kyauta ne. Ɗan ƙasa, baƙo, ba mai tambayarka fasfo."

Na san da wannan magana a karance, amma na ɗauka irin kyautar nan ce da sai ka isa bakin ƙofa a ce maka akwai kuɗin fom. Na ninke takardata na mayar aljihu, fam ɗarin kuma na bar su a inda suke.

Washegari ƙanena yana da aiki, makarantu kuma suna hutun rabin zango, sai yarinyar ta zama jagorata. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Stratford zuwa Holborn. Ita ko kuɗin jirgin ba ta biya ba, domin yaron da bai kai shekara goma sha ɗaya ba kyauta yake shiga in yana tare da babba. Muka fito cikin sanyi da yayyafi, muka taka zuwa titin Great Russell. Tun kafin in ga ginin na ga layin. Ya bi jikin baƙin shingen ƙarfe ya miƙe, mutane da lema, da jakunkunan goyo, da kekunan jarirai. Na ji Larabci, na ji Faransanci, na ji Yarbanci a bayana, na ji wasu harsunan da ban san ƙasarsu ba. Layin na tafiya. A ƙarshensa farin tanti ne inda ake duba jaka. Ma'aikaciyar ta buɗe tawa, ta ga fulas ɗin shayi da ledar dambun nama, ta rufe, ta yi min nuni da hannu in wuce. Na ɗan tsaya ina neman tagar sayen tikiti. Yarinyar ta ja hannun rigata ta ce, "Baffa, mun shigo fa."

Haka na shiga British Museum da kuɗina a aljihu.

Abin da ya fara tarar mutum shi ne tsakar gida mai rufin gilashi, wadda aka buɗe a shekarar 2000. Gilasai 3,312 aka jera a sama, ga tsohon ɗakin karatu zagayayye a tsakiya kamar rumbu. Ko da gari ya yi lullumi a waje, ciki haske ne fes. Hayaniyar kuwa ta kasuwa ce. Ban taɓa zaton gidan tarihi zai yi ƙara haka ba. A tunanina wuri ne na tsofaffi da masu bincike, ana tafiya a kan yatsu. Nan kuwa ga yara suna gudu, ga wata tsohuwa ta zauna a benci ta cire takalmi tana murza ƙafa, ga samari biyu da kayan aikin gini a jikinsu suna shan kofi. A 2024 an shiga gidan nan kusan sau miliyan shida da rabi, babu wani wurin ziyara a Birtaniya da ya kai shi. In ka raba da kwanakin shekara, kullum ana samun wajen dubu goma sha bakwai zuwa sha takwas.

Dutsen Rosetta da kyar na gan shi. Mutane sun yi masa zobe uku, kowa ya ɗaga waya. Sojojin Faransa ne suka tsinto shi a garin Rashid na Masar a 1799, ya faɗa hannun Ingila, yana nan tun 1802, kuma da shi aka kwance rubutun Misirawan da. Na hango gefensa ta tsakanin kawuna biyu, na ce ya isa. Ɗakunan gawarwakin Misirawa da ke sama su ma a cike suke maƙil. Ban daɗe ba. Raina bai kwanta da tsayawa a kan mamaci ana ɗaukarsa hoto ba, ko da ya shekara dubu uku da rasuwa. Na ce wa yarinyar ta kai ni inda na zo dominsa.

Ɗakin Afirka, mai lamba 25, a ƙasa yake, sai an sauka matakala. Da muka sauka hayaniyar ta ragu kamar an rufe ƙofa. Muka wuce wata bishiya da masu fasaha na Mozambik suka ƙera da bindigogin yaƙin basasarsu, muka juya, sai ga su.

An jera allunan tagullar a jikin sandunan ƙarfe, sahu-sahu, daga daidai gwiwa zuwa sama da kai. Na matsa kusa. Abin da hoton littafina bai taɓa nuna min ba shi ne bayan allon: an yi masa zanen ganye huɗu-huɗu, an bi tsakaninsu da ɗigo ƙanana kamar tsabar gero, ba a bar ko faɗin farce babu aiki ba. Ga sarki a tsakiya da murjani har haɓa, dogarai biyu sun kare shi da garkuwa. Ga Baturen Fotugal da dogon gashi da dogon hanci, an ƙera shi yadda maƙerin Benin ya gan shi shekara ɗari biyar da suka wuce. A kusurwoyin allunan akwai huda, ramukan ƙusoshin da aka kafe su da su a ginshiƙan fada. Wasu kusurwoyin sun yage. Na daɗe ina kallon waɗannan ramukan fiye da yadda na kalli fuskokin.

A Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin, suka kwashe kayan fada, aka kai sarkinsu, Oba Ovonramwen, Kalaba inda ya rasu a 1914. Shekara shida bayan haka suka iso Kano da Sakkwato. Gidan nan kaɗai yana riƙe da kayan Benin sama da ɗari tara, kuma na bainar jama'a kaɗan ne daga ciki.

Sai fuskar Idia, mahaifiyar Oba Esigie, ta hauren giwa. Duk wanda ya riƙe tsohuwar takardar naira ɗaya ya san ta, ita ce a bayanta. Ita ce kuma tambarin bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, mahaifinmu ya je kallo, ya yi ta ba mu labarin dawakin har muka girma. Najeriya ta nemi aron wannan fuskar domin bikin, ba ta samu ba, sai kwafinta aka sassaƙa a gida. Na zaci babba ce. Ashe tsawonta bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba. Hauren ya yi ja-ja saboda shekaru, ga tsagu biyu a goshi, ga kawunan Turawan Fotugal an jera mata a ka kamar kitso. Idanun a ɗan runtse suke, irin kallon uwar da ta san abin da ɗanta ke ciki.

Yarinyar ta ce, "Baffa, kuka kake yi?"

Na ce, "Tsayawa na yi, 'yata. Bari in gama gani."

A daren nan na tambayi ƙanena yadda aka yi gida irin wannan ke rayuwa babu kuɗin ƙofa. Abin da ya faɗa min da abin da na bi na karanta daga baya sun haɗu a kan cewa kyautar nan ba daga sama ta faɗo ba, an yi ta ja-in-ja a kanta. Majalisa ce ta kafa British Museum a 1753, da kayan wani likita mai suna Hans Sloane, abubuwa sama da dubu saba'in da aka saya a kan fam dubu ashirin. Wani ɓangare na dukiyar mutumin daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi ke noma. An buɗe ƙofa a Janairun 1759, kyauta, sai dai a wancan zamanin sai ka rubuta takardar neman izini, a duba sunanka, a ba ka rana, a zagaya da ku 'yan kaɗan cikin sauri. A 1974 gwamnati ta sa kuɗin shiga, bai yi wata uku ba aka yi zaɓe, sabuwar gwamnati ta soke. A shekarun 1980 kuma, da tallafin gwamnati ya ja baya, wasu gidajen suka koma karɓar kuɗi: gidan tarihin halittu a 1987, na kimiyya a 1988, daga baya gidan Victoria da Albert ya bi sahu. Mutane suka ragu a cikinsu. British Museum da babban gidan zane-zane na dandalin Trafalgar suka dage, ba su sa ba.

Gwamnatin Leba ce ta dawo da kyautar daki-daki: yara a 1999, masu shekara sittin zuwa sama a 2000, kowa da kowa ranar 1 ga Disamban 2001. Har dokar haraji sai da aka taɓa, domin a da gidan da ba ya karɓar kuɗi ba ya iya karɓo harajin sayayya da ya biya, wato mai yin kyauta shi ke kwana a ciki. Sakamakon bai ɓuya ba. Gidajen da suka daina caji suna samun ziyara wajen miliyan bakwai a shekara kafin 2001. Bayan shekara goma suka kai miliyan goma sha takwas.

Kuɗin gudanarwa kuwa daga baitulmali wani kaso ke zuwa, saura daga shago, da wurin shan shayi, da masu rajistar shekara, da manyan masu ba da tallafi, da baje koli na musamman. Shi wannan ana biya. Lokacin da nake can ana yin wani a kan hanyoyin fataucin siliki, tikitinsa ya haura fam ashirin. Ga kuma akwatunan gudummawa na gilashi a kowace mashiga, da 'yar na'urar da ake ɗora kati a kai. Ba mai tsare ka, ba mai kallonka.

Ƙanena ya ƙara da wata magana da ta zauna min. Ya ce, "Yaya, kar ka ɗauka kowa ke zuwa. Akwai abokan aikina da aka haifa a garin nan, ba su taɓa taka ƙofar ba. Cire kuɗi ya sa masu zuwa sun ƙara zuwa. Wanda bai saba ba, sai an kama hannunsa." Ita 'yarsa makaranta ce ta fara kai su. Malamarsu ta kwashe aji guda a jirgi, ba a nemi ko kwabo daga iyaye domin ƙofa ba. Tun daga nan take jan uwarta duk hutu.

Rana ta huɗu ta kai ni gidan tarihin halittu a Kensington ta Kudu, ginin da za ka rantse majami'a ce. Da shigarka ƙasusuwan ƙaton kifin teku ne ke rataye a sama, tsawon mita ashirin da biyar, baki buɗe kamar zai sauko. A 1891 ya maƙale a gaɓar tekun Ayalan. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce shi. Gidan nan shi ma ya haura ziyara miliyan shida a 2024, kuma rabin waɗanda na gani ba su kai kafaɗata ba.

Fam ɗarina sun sami aiki a Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar da ke bakin kogin Tems inda ake ajiye kambin sarauta. Ita wata ƙungiya ce mai zaman kanta ke kula da ita, ba ta dogara da baitulmali ba, don haka a lokacin babba yana biyan kusan fam 35. Na biya nawa da na yarinyar. Wurin ya cancanci gani, kuma a cike yake, ko da yake masu zuwansa a shekara ba su kai miliyan uku ba. Amma a nan na ga bambancin da ido. Wanda ya biya fam 35 ba ya fita sai ya ga komai. Mutane na tafiya riƙe da taswira, fuska a ɗaure, yara sun gaji suna kuka, iyaye na cewa saura ɗaki ɗaya. Ni ma haka na yi, awa huɗu, har ƙafata ta kumbura, kuma abin da na riƙe a kaina bai taka kara ya karya ba. Kusan duk baƙi ne irina. Ƙanena shekararsa goma sha ɗaya a garin, bai taɓa shiga ba. Ya ce in ya haɗa kansa da matarsa da yara, kuɗin cefanen mako ne.

British Museum kuwa sau huɗu na koma. Ran nan minti arba'in kawai na yi: na sauka ɗaki na 25, na zauna gaban kan tagullar Ife, wanda aka tono a 1938, na bi siraran tsagun da suka sauko daga goshi zuwa haɓa ɗaya bayan ɗaya, na tashi na tafi. Wata rana ɗakin kayan duniyar Musulunci kaɗai na shiga, na tsaya a kan fitilun masallaci na gilashi da aka rubuta wa ayoyi. A nan na gane amfanin kyautar na gaskiya. Ba rangwamen kuɗin ne kawai ba. Tana ba mutum damar ya zo domin abu ɗaya, ya kalle shi har ya ƙoshi, ya tafi, gobe ya dawo. Ilimi a wurina haka yake shiga, kamar karatun allo, a wanke a sake rubutawa.

To amma ana maganar a canza. A tsakiyar 2024 Mark Jones, wanda ya riƙe gidan na wucin gadi, ya ba da shawarar a riƙa karɓar fam ashirin daga baƙin ƙasashen waje, 'yan ƙasa su ci gaba da shiga kyauta. Hujjarsa ba ta banza ba ce: ginin ya tsufa, gyaransa na neman ɗaruruwan miliyoyi, cunkoso ya yi yawa, kuma ɗan Birtaniya in ya je wata ƙasa biya yake yi. A Paris, gidan Louvre ya kai tikitinsa yuro 22 a 2024, duk da haka mutum miliyan takwas da dubu ɗari bakwai suka shiga, sannan daga Janairun 2026 aka mayar da na wanda ba ɗan Turai ba yuro 32. Sabon shugaban British Museum, Nicholas Cullinan, ya nuna yana son ƙofar ta zauna kyauta.

Na juya maganar a raina kwana da kwanaki, kuma ban yarda da shawarar ba. Babbar hujjar da ake kafawa ta riƙe kayan Benin, da na Girka, da na Masar, ita ce wai gidan na duniya ne, kowa na iya zuwa ya gani ba tare da ya biya ba. In aka tsayar da ɗan Edo a ƙofa aka ce ya kawo fam ashirin kafin ya ga fuskar Idia, maƙwabcin gidan kuma ya wuce kyauta, wannan hujjar ta rushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Kuma ko a yanzu, kyautar ba ta isa kowa ba. Ni kafin in tsaya gaban wannan gilashin na biya biza, na kai takardun banki na wata shida, na jira makonni ban san amsar da za ta zo ba, na sayi tikitin jirgin da ya fi albashina na watanni. Ƙofar da ake biya tana can nesa da titin Great Russell. A ajina akwai yara sittin da wani abu, ban san ko mutum biyu daga cikinsu za su taɓa tsallake ta ba. Shi ya sa na ji daɗi da Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da dubu a 2022, gidan Horniman da ke kudancin Landan shi ma ya miƙa guda 72 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025. British Museum kuwa dokar majalisa ta 1963 ta ɗaure masa hannu wajen fitar da kayansa, kuma majalisar da ta yi dokar ita ke da ikon kwance ta.

Wani abin da ya dame ni na gida ne. Gidan Makama yana nan a tsakiyar Kano, daura da fadar sarki, gini ne tun zamanin Muhammadu Rumfa, kuɗin shigarsa bai kai na kwanon abinci ba. Duk lokacin da na je, ma'aikata sun fi baƙi yawa, sai dai in an yi sa'a wata makaranta ta kawo yara. Ke nan araha kaɗai ba ta cika gida. Maganar ƙanena ce ta dawo min, sai an kama hannun mutum. A shekara goma sha bakwai sau uku kacal na kai ɗalibaina can, kuma wannan nauyi ne a wuyana.

Ran Juma'ar ƙarshe gidan yana kaiwa har takwas da rabi na dare. Muka je mu uku bayan magariba, ni da ƙanena da yarinyar. Mutane sun ragu, fitilu sun haska rufin gilashin daga ciki. Na sauka na yi sallama da allunan, na ɗauki hoton ramukan ƙusoshin nan da kyau domin in nuna a aji. Da za mu fita, yarinyar ta tsaya gaban akwatin gudummawa. Ta cikin gilashin ana ganin kuɗin ƙasashe kala-kala, dala, yuro, da wasu takardun da ban gane ba.

Ta ce, "Baffa, za ka saka?"

Na tsaya da hannu a aljihu. Ragowar fam ɗarina na nan. Na tuna kusurwoyin da suka yage, na kuma tuna ajinsu da malamarsu ta shigo da su babu wanda ya tambaye su komai. Na zaro fam biyar na ba ta, na ce ita ta saka. A cikin walat ɗin akwai wata naira ɗari biyu da ta rage min tun filin jirgin Kano, mai hoton Sardauna. Ta gan ta, ta ce ita ma a ba ta. Ta ninke su tare, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta tura su ta tsagar.